Dusar Burukutun Mama

A tsakiyar shekarun saba'in na fara koyarwa a wata makarantar firamare da ke tsakanin Kafanchan da Kwoi, ina sabon magidanci, da farar riga mai guga da biro biyu a aljihu. Darasin aikin gona aka ba ni, ni kuwa na ɗauke shi da zafi, sai ka ce ni aka aiko in koya wa mutanenmu noma, mutanen da suke noman citta da acca tun ba a haifi kakan wanda ya rubuta littafin da nake karantarwa da shi ba. A cikin littafin nan akwai hoton wata saniya mai baƙi da fari, hantsarta har tana neman taɓa ƙasa. Hoton nan ne ya ruɗe ni. Na je rugar wani dattijon Bafulatani a bayan dutsen garinmu, na dawo da shanu biyu farare, ɗaya mai ciki, ɗaya karsana. Na kafa musu rumfa a bayan gidan malamai, na sami katako na rubuta cewa nan gonar madara ce. Shanu biyu fa, jama'a.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Mama ce ta riƙe mu, kuma da tukunyar burukutu ta riƙe mu. A cikin hayaƙin murhunta na girma, daga can na tafi makaranta, daga can na tafi kwalejin malamai. Da na dawo aka naɗa ni magatakardan ikilisiyarmu, wato cocinmu, ni ke rubuta abin da dattawa suka yanke, ni ke karanta sanarwa ranar Lahadi. Ikilisiyarmu ba ta yarda da giya ba ko kaɗan, mai dafawa da mai sha duk ɗaya suke. Sai na wayi gari ina jin kunyar sana'ar da ta yi mini riga da wando. Na sa Mama a gaba, yau wa'azi, gobe fushi, jibi in ƙi cin tuwonta, har ta gaji ta bari. Ta kife manyan tukwanenta a bayan ɗaki, aka yi mata baftisma a rafi, ta fara cin Jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya da ake raba wa masu baftisma a majami'a, tare da kowa. Ranar baftismar na fi kowa ɗaga murya a waƙa. Ban taɓa tambayarta da me za ta riƙa cika ranakunta ba.

Gidanta yana ƙauye, tafiyar kamar sa'a ɗaya a ƙafa daga makaranta. Da ta ji na sayi shanu ta zo gani. Ta zagaya su, ta shafa bayan mai cikin, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Da ina dafa abin nan har yanzu, da saniyan nan ya samu dusa mai kyau."

Dusar burukutu ita ce abin da ke saura idan an tace dafaffen tsiron dawa. A wajenmu abincin aladu ce, kowace mai dafa giya tana da aladunta a bayan gida, ba ta ba kowa ko tafin hannu. Ni kuwa na murtuke fuska, na ce, "Mama, ko warinta kada ya shigo gidan nan. Waɗannan shanun da littafi za a ciyar da su."

Ta ce, "To, Malam." Haka take kirana tun da na fara koyarwa, kuma ban taɓa iya gane ko girmamawa ce ko tsokana ba.

Da damina kiwo bai da wuya. Ciyawa har gwiwa, ruwa ko'ina. Saniyar ta haihu, ta samu ɗan maraƙi, nono ya zo, kwalba huɗu da safe bayan maraƙin ya sha nasa. Na zana jadawali a bangon rumfa da alli: mudu kaza na wannan, dami kaza na wancan, gishiri cokali kaza. Duk wanda ya zo gidan sai na ja shi ya ga jadawalin. Ban san ruwan sama ne ke yi mini kiwon ba.

A daminar nan matata ma ta haihu, muka samu 'ya mace, ta fari, muna ce mata Bebi. Komai lafiya har wajen Kirsimeti, sai ciwo ya kama matata a nono, ga kumburi ga zazzaɓi. Mako biyu ta yi a asibiti a Kafanchan. Ta dawo da ranta, mun gode Allah, amma nono ya ƙafe ƙaf. Yarinyar tana wata biyar. Muka gwada madarar gwangwani, cikinta ya ƙi karɓa, zawo ya kama ta har idanunta suka faɗa. Wata nas ce ta ce mu gwada nonon saniyarmu, a tafasa shi sosai, a sirka da dafaffen ruwa, a ɗan sa sukari. Muka gwada, ya zauna. Daga ranar nan wasan gonar madara ya ƙare. Abin da saniyar nan ta bayar da safe, shi yarinyata za ta sha har dare.

Sai rani ya shigo. Ni a ganina na shirya masa. Na tara busasshiyar ciyawa tuli guda, ina da ɗan harawar gyaɗa, ga buhu biyu na gurya, wato ƙwayar auduga, da wani ɗan kasuwa ya kawo mini ta jirgin ƙasa. Na rubuta harafin farko na sunana a jikin buhunan da shuɗiyar tawada, don kada su ɓace. Abin da ban sani ba, ciyawar na yanke ta a makare, bayan ta yi 'ya'ya ta zama kara, ba abin da ya rage a cikinta sai cika ciki. Saniya mai shayarwa kuwa ba cika ciki kawai take nema ba, tana neman abin da zai zama nono a jikinta. Harawa ta ƙare kafin ƙarshen Janairu, gurya ta bi bayanta. Na je injin niƙa neman dusar masara, na tarar masu aladu sun riga sun kama kowane kwano tun kafin a zuba masarar.

Kwalba huɗu ta koma uku, ta koma biyu, ta koma ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba. Ga shi dole a bar wa maraƙin nasa, don irin shanun nan namu in ba ɗansu ya fara tsotsa ba, ba sa sakin nono ko za ka kwana kana ja. Matata ta fara ƙara ruwa a madarar fiye da yadda nas ta ce. Yarinyar ta sha, cikinta ya yi tim, can anjima ta tashi da kuka. Wuyanta ya fara fitowa.

Wata Asabar Mama ta zo. Ta karɓi jikarta ta ɗaga ta sama kamar mai auna kaza a kasuwa, ta miƙa wa uwar. Ta fita rumfa, na bi ta. Saniyar tana tsaye tana taunar wani tsumma da ta fizgo daga igiyar shanya. Mama ta ƙirga haƙarƙarinta da yatsa, ta duba kashinta, ya yi tauri ya bushe kamar na akuya.

Ta ce, "Malam, saniyan nan yana jin yunwa."

Na ce, "Wace yunwa? Ga ciyawa nan a gabanta dare da rana."

"Kara ne wannan. Kara ba ya zama nono. Kana ba shi kanwa ma kuwa?"

Na nuna mata jadawalin bango. Mace da ba ta san bihim a boko ba, ita na tsayar a gaban rubutun alli ina yi wa bayani da yatsa. Ta tsaya ta saurara har na gama. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to nata idon ya riga ya gama awonsa tun ina tsakiyar lacca. Ta ce, "To, Malam," ta ɗauki sandarta ta tafi.

Maganarta ta tsaya mini a rai, amma girman kai bai bar ni na koma na tambaye ta abin yi ba. Sai na ƙirƙiro dabarata. Na riƙa daddatsa busasshiyar ciyawar da adda, in yayyafa mata ruwan gishiri, in zuba musu kafin in tafi aji. Aka yi kamar mako biyu, sai ga nono ya fara dawowa. Kwalba biyu, biyu da rabi, har uku. Gashin saniyar ya kwanta, ta bar taunar tsumma. Kumatun yarinyata suka fara cikowa, ta koma barcinta.

Wayyo ni. Ba wanda ban gaya wa ba. Na kwashi 'yan aji shida na kai su rumfa na nuna musu yadda ake datsa ciyawa da yayyafa gishiri. Na gaya wa shugaban makaranta. Na tsaya a ƙofar majami'a bayan sujadar Lahadi ina yi wa dattawa bayanin amfanin ilimi. A kwanakin nan ne Mama ta tsiri kawo mana itacen girki, kwana biyu biyu, da hantsi, lokacin ina aji. In na dawo sai in ga ɗaurin itace a jingine. Har faɗa na yi wa matata, na ce ta hana tsohuwa wannan wahala, mutane za su ce mun mayar da ita baiwa. Matata ta ce, "Baban Bebi, bar ta, ita ta ga za ta iya." Ba ta dube ni ba da ta faɗa.

Wata ranar Alhamis pastonmu ya aiko in zo. Dattijo ne mai sanyin hali, ya san ni tun ina yawo ba wando. Ya ba ni kujera, ya yi ta juya hularsa a hannu kafin ya yi magana.

"Malam, magana ne mara daɗi. Mamanka ya koma dafa giya."

Na ce ƙarya ne. Ya ce ba mutum ɗaya ya gani ba. Masu gayyar sharar gonar citta suna kai mata dawa, ita ke dafa musu burukutun da za a sha a gona, gayya uku ke nan a jere. Ya aika dattawa biyu su tambaye ta, ba ta yi musu ba, kuma ta ƙi cewa za ta bari. Ya ce, "Dokan ikilisiya ka san shi. Sai horo. Amma in ka ga sanarwan zai yi maka nauyi, zan sa wani ya karanta."

Na ce ni zan karanta. Har na ƙara da cewa gaskiya ba ta da uwa. Wannan maganar tawa ce, ba wanda ya sa ni.

Ran Lahadi na tsaya a gaban jama'a, na karanta cewa an sa mahaifiyata a horo, ba za ta ci Jibin Ubangiji ba, ba za ta zauna da zumuntar mata ba, sai ranar da ta tuba. Muryata ba ta yi rawa ba, har na ji ina alfahari da hakan. Mama ta tashi daga cikin matan, ta gyara zanenta, ta taka a hankali har bencin baya da ke bakin ƙofa, inda masu horo suke zama. Matata tana riƙe da yarinya, ta sunkuyar da kai. Ranar ba ta yi mini magana ba har muka kwanta, na ɗauka kunyar abin da surukarta ta jawo mana ce.

Washegari da aka tashi makaranta ko abinci ban tsaya ci ba. Na hau keke, na ɗaura taɓarya a baya. Niyyata in farfasa tukwanen nan kowa ya huta.

Ban same ta a tsakar gida ba. Tukwanen dai suna kan murhu, an wanke su. Na zagaya baya, inda akwai wani falalen dutse da muke shanya acca a kai muna yara. Dutsen nan a rufe yake da dusar burukutu, daga wannan baki zuwa wancan, an baje ta sirara-sirara a rana. Mama tana durƙushe tana juya ta da ɗan guntun ƙwarya, wata ƙaramar sanda a gefenta ta korar kaji. Ba alade ko ɗaya a gidan, ta sayar da su tun shekarar baftisma. A gefen dutsen ga turmi da kanwa a ciki an daka. Ga kuma buhu a buɗe, an cika shi rabi da wadda ta bushe, kusa da shi ɗaurin itace da igiya. A jikin buhun, harafin sunana ne da shuɗiyar tawada.

Na daɗe a tsaye da taɓarya a hannu kamar wani soko. Na ɗebi busasshiyar na sansana. Warin giyar ya tafi, sai wani ɗan ƙamshi mai tsami-tsami. Na san ƙamshin nan. Kullum da yamma in na leƙa komin saniyata ina jin sa, ina cewa ruwan gishiri ne ya jiƙa ciyawa.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ajiye taɓaryan, zai yi maka nauyi."

Na ce, "Mama, me ya sa ba ki roƙa a wajen masu dafawa ba?"

"Na roƙa. Kowa da aladunshi. Rani ne."

"Da sai ki gaya mini."

Nan ta ɗago. "Na gaya maka saniya yana jin yunwa. Ka nuna mini bango."

Sai ta yi mini bayani, ba faɗa ba kuka, kamar mai ba da labarin kasuwa. Ita ba ta da dawar da za ta ba saniya. Amma al'ada ce, in masu gayya sun kawo dawarsu aka dafa musu, giya tasu, dusa ta mai dafawa. Ta ce musu ba ta son komai sai dusar. Jiƙaƙƙiya ba ta kwana uku sai ta lalace, kuma warinta zai tona, shi ya sa take shanyawa. Tana haɗa ta da 'yar kanwa, ta ɗaure buhun a ƙarƙashin itace ta ɗora a ka. Matata kuma ta riƙa zuba wa saniyar kaɗan-kaɗan da farko don kada cikinta ya ɓaci, har ta saba, ta cakuɗa da datsattsiyar ciyawata kafin in dawo daga aji. Ta ce, "Ko ɗigo ban sa a bakina ba, Allah ya sani."

Kunya ta kama ni, kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce yanzun nan zan je in gaya wa Baba Pasto komai.

Ta ce, "In ka faɗa, za su ce a bari. In an bari, Bebi zai sha mene? Kai kuma za su cire ka a tebur, su ce gidanka ne ke cin dusan giya. Bar shi sai ruwa ya sauka. Benci ne kawai, ba ya cizo."

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce kuskuren ƙuruciya ne, na yafe wa kaina. Abin da ya sa nake rubuta wannan da tsufana shi ne abin da na ji a cikina da ta faɗi haka. Sanyi na ji. Ta buɗe mini ƙofa, ni kuwa na bi ta da gudu. Na gaya wa kaina saboda yarinya ne na yi shiru, kuma da gaskiya a ciki, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba. Ina son teburin nan na magatakarda a gaban majami'a, ina son a ce Malam mai gaskiya ne, ko uwarsa bai ƙyale ba. Na taya ta kwashe dusar daga kan dutse, na ɗaura buhun a bayan keke, na rufe shi da itace da hannuna. Taɓaryar a can na manta ta.

Da na isa gida na buɗe littafin nan mai hoton saniya. Shafi biyu bayan hoton, ga shi an rubuta cewa dusar da ke fita daga inda ake yin giya tana daga cikin abinci mafi kyau ga saniya mai ba da nono. Na taɓa karanta wurin. Har layi na ja a gefensa tun a kwaleji, sai na tsallake shi don bai dace da mutumin da nake so in zama ba.

Wata uku Mama ta yi a bencin baya. Sau uku aka yi Jibin Ubangiji, kuma ina cikin masu zagayawa da faranti. In na kai layin ƙarshe sai in juya, ita kuma ta kafa idonta a kan yatsun ƙafarta don ta sauƙaƙa mini. Ran Litinin itace ya iso gidana. Na daina kai yara rumfa, na goge jadawalin bango, amma ban buɗe baki na gaya wa kowa dalili ba. Hausawa sun ce ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. Ni ban tsaya a jawowa ba, ni na miƙa dutsen.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, yarinyar ta fara shan kunu tana cin ɗan tuwo mai laushi. Mama ta sake kife tukwanenta a bayan ɗaki. Wata Lahadi ta taso daga bencin baya ta zo gaban jama'a, ta durƙusa, ta ce ta yi zunubi, ta roƙi gafarar Allah da ta ikilisiya. Baba Pasto ya tambaye ta ko akwai abin da take so ta ƙara. Ina zaune a teburina, taku uku tsakaninmu, biro a hannu. Ta ce babu. Aka yi addu'a, aka karɓe ta, na rubuta.

Bayan sujada ta karɓi jikarta ta goya. Matan zumunta suka kewaye ta suna yi mata barka, suna jan kumatun yarinyar. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, ku ga yarinyan nan, wa zai ce bai sha nonon uwa ba? Duk rani saniyan Malam bai ƙafe ba."

Mama ta gyara goyonta, ta ce, "Ai Malam ya iya kiwo."

Suka juyo gaba ɗaya suna kallona, suna murmushi. Matata ma tana kallona, ita ba ta murmushi. Maganar tana bakina, ba abin da zai same ni a lokacin, ruwa ya riga ya sauka, yarinya ta tsira. Na gyara biro a aljihu, na ce, "Mun gode Allah."